Turanci a Akwatin Sifana

Sha-Kwana ba sunan da uwarsa ta san shi da shi ba ne, hanya ce ta raɗa masa. Tun ana tuƙa gingimari da ƙarfin damtse yake kan titi, kafin a zo da sitiyarin yanzu da ko mai jego za ta juya da yatsa ɗaya. Gada ta karye da shi, ya fito. Tanki ya kama da wuta a bayansa, ya sauko da gira a ƙone yana tambayar wa ya ga hularsa. An taɓa lulluɓe shi da zane a gefen hanya aka tafi kiran masu ɗauka, aka dawo aka tarar gawa ta zauna tana neman ruwan sha. Irin mutanen da aka ƙera da ƙarfen farko ke nan, ba na yau da yayyafi ke kwantarwa asibiti ba. Bai taɓa zama a aji ba, bai kuma ga abin da ya rasa ba. "Masu karatu allon hanya suke karantawa," in ji shi, "ni hanyar nake karantawa."

Da ido ya fara yi masa yana, da hannunsa ya ajiye makulli, ba wanda ya karɓe. A ranar ya tsaya tsakiyar tasha ya ce kowa ya shaida: ba zai ƙara shiga motar da wani ke riƙe da sitiyarinta ba. Yaran yanzu ba tuƙi suke ba, caca suke da ran mutane. Ya kuwa riƙe maganarsa. Kasuwa da ƙafa, asibiti da ƙafa, inda ƙafa ba ta kai ba sai dai a isar da gaisuwarsa. Har ranar da aka aiko cewa ɗansa, namiji tilo, yana kwance a can garin da yake aiki. Gari ne mai nisa, a kan sabuwar hanyar da aka shimfiɗa bayan Sha-Kwana ya bar tuƙi. Yana cikin shawara da zuciyarsa saƙo na biyu ya iso. A can aka binne shi.

Bayan mutane sun watse, matar ɗan ta zo gidan da 'yarta, ta zauna wasu watanni. Ba ta jin Hausa. 'Yar wasu mutane ce na can, a wurin aiki suka haɗu da mamacin, Turanci ya haɗa su. Hausarta ba ta wuce "sannu" da "Baba" ba. Mace ce mai shiru, tana wanke kwanonta da na wasu, tana gyara wa 'yarta kai kullum da safe a bakin ƙofa.

Yarinyar kuwa ba ta kai shiga makaranta ba, kuma shiru bai san hanyar bakinta ba. Akwai wani dogon benci a barandar gidan. Shi ya zama mota. Murfin tukunya ya zama sitiyari, tsoho ya zauna a gaba, ita ta tsaya a baya tana dukan katako da tafin hannu. Hausar farko da ta kama ita ce, "Direba, mu je!" Shi ya sa ya raɗa mata Kwandasta. Sukan kai rana tsaka suna tafiya a kan bencin nan, yana yi mata kukan inji da baki, yana zagin direbobin da ba su iya ba da hannu ba, tana maimaita zagin daidai da wasali.

Sai magana ta fito cewa hutun da aka ba surukar a wurin aiki ya ƙare. Ƙarshen wata za ta koma, da 'yarta.

Sha-Kwana ya kira babbar 'yarsa, wadda ke da shagon magani a bakin titi. Ta yi makaranta, ita ce tafinta a gidan, kuma tun zuwan yarinyar kowa ya koma kiranta Gwaggo. Aka zauna a baranda su uku.

"Gaya mata gidan nan gidanta ne," in ji shi. "Gaya mata ɗakin da take kwana, a cikinsa mijinta ya yi rarrafe. Ki ce ni tsoho ne, ba sauran kaya a motata sai yarinyar nan, in ta tafi da ita ta bar ni fanko. Ki ce roƙonta nake."

Gwaggo ta juya ta faɗi wata magana da ba ta kai tsawon tari ba. Surukar ta sunkuyar da kai, ta ɗauki 'yarta, ta shige ɗaki ta turo ƙofa.

"Ke! Na loda miki tirela, kin sauke a baro. Me kika ce mata?"

"Na ce ka ce yarinya ta gidan nan ce."

"Roƙon fa?"

"Baba, kai ne za ka roƙi matar ɗanka? Ba dai da bakina ba. Mutumin da gari ke tashi tsaye in ya shigo?"

"Bakinki na ara, ba hankalinki ba."

"To, bakin nawa ya ƙi ɗauka."

Ya dube ta. Taurin kan nasa ne, ba daga maƙwabta ta ɗebo ba. Ya sa hula ya tsallaka titi.

A can tsallaken akwai wani tsohon malamin makaranta da ake kira Mai Alli. Ya yi ritaya, yana wuni a ƙofar gida da rediyo da tabarau mai ƙafa ɗaya ɗaure da zare. Shekara da shekaru suna musu shi da Sha-Kwana a kan wa ya fi amfani a duniya, wanda ya kai mutane gari ko wanda ya koya musu rubuta sunan garin. Mai Alli ya saurari maganar har ƙarshe, ya rage rediyo.

"Mu je in fassara maka. Ni ba na rage kaya a hanya."

"Maganar gida ba a ɗora ta a bakin maƙwabci. Ka zuba mini Turancin, in je in faɗa da kaina."

"Zuwa yaushe?"

"Ƙarshen wata."

Mai Alli ya yi dariya har tabarau ya zame. "Direba, ba a fafe gora ranar tafiya. Turancin da na ƙare ƙuruciyata ina ɗura wa yara bai zauna ba, shi za ka sha a sauran wata da kan nan naka mai kama da tsohuwar taya?"

"Mu a kan hanya muke fafe namu. Kuma taya ta fi alli daɗewa. Fara."

"To, me ka sani?"

Ashe ya san abubuwa. Wanda ya ci hanya ba ya rasa Turancin hanya. Ya san tsaya, ya san tafi, ya san zo, ya san nuna mini. Sauran duk abin da aka taɓa daka masa tsawa da shi ne. "Careless. Wannan 'yan sanda ke faɗi in sun tare ni. Useless. Wannan mai mota ke faɗi in na makara. Akwai kuma careful, wannan masu kaya ke faɗi da murya mai taushi in ana loda gilashi."

"Ka san careful da careless uwarsu ɗaya ubansu ɗaya?"

"Ƙarya kake, Malam. Ɗaya lallashi ne, ɗaya zagi."

"Kai da ƙaninka ba ciki ɗaya kuka fito ba? Kai ka cinye hanyoyin duniya, shi ko keke ya hau sai ya nemi kwalbati."

Mai Alli ya ce asalin kalmar guntuwa ce, care, wato kula. In ka liƙa mata ful a gindi ta zama mai cike da kula. In ka liƙa mata less ta zama marar kula. Ya ce haka Turanci yake tara dukiyarsa: kalma ɗaya a tsakiya, a yi ta sauya mata abin da ake liƙawa, sai ka ga gida ya cika da 'ya'ya. Wanda ya kama ta tsakiyar ya kama gidan. Ya ɗauko guntun alli ya rubuta su a jikin ƙyauren gidansa, ɗaya ƙarƙashin ɗaya, ya ja layi a ƙarƙashin inda suka yi kama.

Sha-Kwana ya matso ya ƙura ido. Tonon kaji ya gani. Ya miƙe ba sallama ya tsallaka titi, Mai Alli ya ɗauka fushi ya yi, har ya ƙara rediyo. Sai ga shi ya dawo yana rinjaye gefe ɗaya da akwatin ƙarfe, wanda ya yi yawon duniya da shi a ƙarƙashin kujerar mota. Ya shimfiɗa tsumma a ƙasa. Ya fito da irin sifanar nan da hannunta daban kawunanta daban, a zare wannan kai a ƙwama wancan, gwargwadon notin da aka tarar.

Ya ɗaga dogon hannu. "Wannan shi ne care ɗinka." Ya ƙwama masa babban kai, ya yi ƙas. "Careful." Ya zare, ya ƙwama ƙarami. "Careless. Haka ne ko ba haka ba?"

Mai Alli ya gyara tabarau. "Haka ne. Amma kada ka yi murna, ni na faɗa, kai ka ɗauko ƙarfe kawai."

"Da ka ce mini sifana ce tun farko, da ban tsaya kallon ƙofarka ba."

Daga ranar makaranta ta buɗe a kan tsumma. Dogon hannu care, gajeren hannu help, wato taimako. Wani mai lanƙwasa da ya taɓa tallafe gingimari a kan tudu ya zama use, wato amfani. Wani siriri ya zama hope, sa rai. Babban kai yana cika abu, ƙaramin kai yana kwashe shi, matsakaici kuwa, er, yana fito da mai yin aikin. Da Mai Alli ya ce shi kansa sunan sana'arsa haka aka ƙera shi, drive da er, sai da Sha-Kwana ya ƙura wa sifanar ido. Duk tsawon rayuwarsa ana kiransa da kai da hannu a haɗe, shi yana tsammani dunƙulallen ƙarfe ne.

Da abin ya fara yi masa daɗi sai ya shiga ƙira da kansa.

"Driveful."

"Babu wannan."

"Don me? Mutum ne cike da tuƙi. Ga ni zaune."

"Ba su ƙera ta ba. Ba kowane kai ke shiga kowane hannu ba."

Wannan bai yi musu ba. Ya san abin da ke faruwa in an matsa wa noti da kan da ba nasa ba. Amma washegari ya zo da wata. Ya tambayi yadda ake cewa uba, aka gaya masa. Ya tambayi yadda ake cewa ɗa, aka gaya masa. Ya juya ƙaramin kan nan a tafin hannunsa.

"Fatherless."

"Akwai. Marar uba."

"Sonless."

Mai Alli ya dube shi. "Ba a cika faɗinta ba. Amma ba ka karya doka ba."

"Ba a cika faɗinta ba don ba su cika buƙata ba," in ji Sha-Kwana, ya mai da kan cikin akwati.

Karatu yana son maimaici, shi kuwa ba ya son Gwaggo ta gan shi yana bita kamar ɗan aji ɗaya. Sai ya samu wuri a bayan gida, inda katanga ke ba da inuwa da hantsi. Ya kai kujera can, ya shimfiɗa tsummansa. Abu biyu ne bai lissafa ba. Na farko, kukan inji ya daɗe da cinye masa rabin ji, abin da yake ɗauka raɗa ne ana jinsa a shagon Gwaggo. Na biyu, tagar ɗakin surukarsa tana bisa kansa daidai. Ƙaramin kan kuma shi ya fi saurin shiga bakinsa, don da shi aka rene shi a hanya. Sai ya zama kullum da hantsi mace tana zaune a ɗaki tana ninke kayan mijinta da ya mutu, muryar uban mijin tana shigowa ta taga kamar ta ɗan sanda: "Careless! Useless! Helpless! Hopeless!" Ya huta, ya sake daga farko.

Ranar da abin ya fashe, Gwaggo ta rufe shago da rana tsaka ta same shi a baranda.

"Baba, me baiwar Allahn nan ta yi maka?"

"Wa?"

"Matar ɗanka. Ta ce kullum kana zuwa ƙarƙashin tagarta kana zaginta da Turanci. Ta ce ta san kana ganin da sakacinta ya mutu. Ni da na ƙi kai roƙonka ban ce ka koma zagi ba. A ina ma ka samo Turancin?"

"A inda kika ƙi ba ni."

"To, ta sauya tikiti. Ba ƙarshen wata ba, jibi za ta tafi."

Mutumin da birki ya taɓa tsinke masa a gangare ba ya ihu, giyar mota yake nema. Tsoho ya ɗauki akwati ya tsallaka titi ya gaya wa Mai Alli. Malamin ya dafe kai.

"Yanzu dai ka bari in je. Ba ka da jimla ko ɗaya, Direba. Kalmomi ne tsirara a hannunka, ba riga ba wando."

"Da noti ɗaya da igiyar wando na taɓa kawo tirela gida."

"Tirela ba ta fushi."

"Ba ka tuƙa ba ne."

Da la'asar ya tsaya a ƙofar ɗakin ya yi sallama. Tun zuwanta bai taɓa taka dokin ƙofar nan ba, yanzu ma bai taka ba. Ƙofar a buɗe take. Akwatuna biyu a kan gado, ɗaya a rufe, ɗaya ana cikin cika shi. Kwandasta tana ƙasa tana sa wa 'yar tsana takalmin uwarta. Surukar ta miƙe tsaye, ta ce, "Sannu, Baba," da muryar da ake gai da mai karɓar haraji.

Ya durƙusa a bakin ƙofa, gwiwoyi suka yi ƙara kamar tsohon sifirin. Ya shimfiɗa tsumma rabi a waje rabi a ciki. Ya jera hannuwa a dama, kawuna a hagu. Ta tsaya tana kallonsa, riga a hannu.

Ya ɗaga dogon hannu. "Care."

Ya ƙwama ƙaramin kai. "Careless."

Fuskarta ta ɗaure. Bai yi sauri ba. Ya sa yatsu biyu a baki ya yi fito irin na ɗan sanda, ya ɗaga hannu kamar mai tsai da mota, ya kumbura kumatu, sa'an nan ya nuna ƙirjinsa da sifanar. Shi ake gaya wa. Shi aka yi ta gaya wa tun ba a haife ta ba. Kwandasta ta ƙyalƙyale da dariya, ta gwada fiton, yawu ya fito.

Ya zare ƙaramin kai ya ajiye. Ya ƙwama babba. "Careful." Ya nuna ta. Ya nuna kan yarinyar da aka gyara da safe, ya nuna rigunan ɗansa da ke ninke a kan gado, kowace kusurwa daidai da 'yar'uwarta. Ya sake nuna ta. "Careful."

Ta dubi sifanar, ta dubi taga, ta dubi tsoho. Ana ganin lissafin yana tafiya a fuskarta. Ta ajiye rigar. Ta zauna a ƙasa a ɗaya gefen tsumman, ta ɗauki gajeren hannu ta ɗaga masa gira.

"Help," in ji shi.

Ta duba kawunan ta zaɓi matsakaici. Ya lura da yadda ta sa shi: ta danna da babban yatsa, ta juya kaɗan har ya yi ƙas, sa'an nan ta buga shi sau ɗaya a tafin hannu don ta tabbata ya zauna. Mutum biyu ne a duniya ke buga sifana a tafi haka. Ɗaya yana durƙushe a bakin ƙofa, ɗayan ɗansa ne, shi ya koya masa tun bai kai tsawon taya ba.

"Helper," in ji shi, ya murza ido. Ƙurar akwatin ce.

Ta yi wata gajeriyar dariya ta hanci, ta goge ido da bayan hannu. Ta ɗauki mai lanƙwasa, ya faɗa. Ta ɗauki siriri, ya faɗa. Sau ɗaya ya ɓata, ta gyara masa, ya karɓa ba musu, abin da Mai Alli bai taɓa samu ba.

Sa'an nan ya ture hannuwan gefe, ya bar ƙaramin kai shi kaɗai a tsakiyar tsumma. Kalmomi biyun da suka rage masa ba su da hannu a akwati. Ya nuna yarinyar. "Father." Ya taɓa kan. "Less." Ya dafa ƙirjinsa. "Son." Ya taɓa kan. "Less." Daga nan Turanci ya ƙare, sai ya ƙarasa da Hausa, duk abin da Gwaggo ta ƙi ɗauka, har da roƙon. Bai rage ko ƙwaya ba. Ba ta ji kalma ɗaya ba, amma ba ta ɗauke ido ba.

Da ya gama ta yi magana mai tsawo. A ciki ya tsinci aiki, ya tsinci makaranta, ya tsinci uwa. Ya tsinci "no", wanda ba ya buƙatar malami. Can ta ambaci sunan ɗansa, ta nuna nesa ta bayan katanga, ta kifa tafin hannunta a ƙasa ta bar shi a nan. Wannan ma bai buƙaci malami ba. Mijinta yana kwance a can, ba kowa nasa a garin sai ita da yarinyar. Ba za ta bar shi shi kaɗai ba.

Tsohon direba ya san kayan da za su hau mota, ya san waɗanda ba za su hau ba. Ya fara mai da ƙarafa cikin akwati, kowane a gurbinsa. Kwandasta ta gaji da zaman manya. Ta haye gado ta tsaya a bayan akwatin da aka rufe, ta doke shi da tafin hannu.

"Direba, mu je!"

Hannunsa ya tsaya a kan murfi. Sa'an nan ya ɗago ya yi amfani da tsohon Turancinsa, wanda ba Mai Alli ya ba shi ba.

"Road. Show me."

Ba ta gane ba. Ya nuna kansa, ya nuna inda ta nuna, ya zana tafiya da dawowa a iska. "Go. Come. Go. Come."

Ta zaro ido. Ashe mijinta ya ba ta labarin rantsuwar tasha. Ta kama sitiyari a iska, ta nuna shi, ta girgiza kai, ta nuna waje: wani ne zai tuƙa, Baba, ba kai ba.

"Careful driver?" in ji shi.

Ta karkata tafin hannu dama da hagu. Sai yadda aka samu.

"To," in ji shi da Hausa, "sai in zauna a gaba."

Ranar tafiya labari ya riga shi isa tasha. Tsofaffin da suka shaida rantsuwar, waɗanda suka rage, suka taso daga benci.

"Sha-Kwana, ido ne ke yi mana gizo? Fasinja ka zama?"

"Fasinja uban wa? Aikin yaron nan zan duba. An ce yana ba ku kunya."

"Rantsuwar fa?"

"Wanda ya ɗaura kaya shi ya san inda ƙullin yake."

Gwaggo ta sa masa magungunansa a aljihu tana gunaguni, ta rungume yarinyar, ta tsaya gaban surukar ta faɗi wata magana da Turanci. Wannan karon ta fi tari tsawo. Mai Alli ya zo har bakin mota da tabaransa mai zare.

"Ka bar mini akwatin, kada ka je ka kunyata ni a garin mutane."

"Makaranta ake bari a baya? In na dawo ka tanadi sababbin hannuwa, waɗannan sun yi mini kaɗan."

Ya sa akwatin ƙarƙashin ƙafa, ya ɗora Kwandasta a cinya, surukar tana kujerar bayansa. Direban yaro ne, gemu bai gama fitowa ba, da waya a kunne. Sha-Kwana ya dube shi har sai da ya cire wayar ya sa a aljihu. Mota ta tashi. Gwiwar tsoho ta dama tana neman birki a inda babu, ya danne ta da hannu.

Da suka bar gari ya kafa ido a gilashi. Ko da yanar ido, manyan abubuwa ba sa ɓuya: gidan mai a hagu, gada mai ƙarfe ja, dutsen da ya tsage biyu, mararrabar da ake barin tsohuwar hanya a kama sabuwa. Yana ɗauka yana jerawa a ka, kowane a gurbinsa. Hanyar da Sha-Kwana ya bi sau ɗaya ba ta sake ɓace masa, wannan ko maƙiyansa sun sani.

Can gaba kwana ta taso, mai kaifi, da rami a gefe. Yaron bai rage wuta ba. Tsoho ya miƙa hannu ya dafa masa kafaɗa.

"Careful," in ji shi.

Yaron ya sauke giya.